Gaskiya ko Jita-jita: Tsohuwar Amfilifaya da Batun Kai Ta Sabis

Yawancin amfilifayar da ke ɗakunanmu ba sabuwa muka saye ta ba. Ko ta hannu ce, ko tokunbo da aka sauke a Legas, ta bi ta kasuwar Alaba kafin ta iso Arewa. Pioneer, Kenwood, Technics, Sansui, Sony: wasunsu tun shekarun 1970 da 1980 aka ƙera su, kuma har yau suna aiki. Duk wanda ya sayi irin wannan kaya yakan sha shawarwari masu karo da juna kan yadda zai kula da shi. Ga waɗanda muka fi ji, da abin da ke gaskiya a cikinsu.

"Dole ne a riƙa kai ta sabis duk shekara"

Ba haka ba ne. Wannan tunani daga janareto da babur muka ɗauko shi, kuma a can daidai yake, domin injinsu ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, baƙin mai yana tsufa, fulogi yana datti. Amfilifaya mai tiransisto ba ta da mai, kuma abin da ke motsi a cikinta bai wuce maɓallai da makunni ba, sai fanka in tana da ita. Tiransisto ba ya gajiya don an shekara. Idan sautin yana fita fes ta ɓangarorin biyu, babu gurnani, babu zafin da ya wuce kima, to babu aikin da zagayowar shekara ta wajabta. Hasali ma kowace buɗewa tana da haɗarinta: sukudireba ya zame ya haɗa wayoyi biyu, ko zafin ƙarfen dalma ya ɗaye layin tagullar da ke kan allo.

Mai kwalba, wato irin ta da wadda ake gani tana haske daga ciki, hukuncinta daban. Kwalaben suna ƙarewa da yawan aiki, ana canja su, ana kuma sake saita su. Sai dai ba kasafai ake samun irinta a gidajenmu ba.

"Tunda ta kama kuma tana fitar da sauti, lafiyarta ƙalau"

Wannan kishiyar ta farko ce, ita ma tana jawo asara. Gwajin minti biyu a shago, cikin hayaniyar kasuwa, abin da yake nunawa kawai shi ne na'urar ba ta mutu ba. Abin da ya dace shi ne dubawa guda ɗaya, ta tsanaki, a hannun mai gyaran da ya san aikinsa, kafin a haɗa ta da lasifikar da ake ji da ita.

Farkon abin dubawa yana bayanta a rubuce. Wutarmu a Nijeriya volt 230 ce. Ta Amurka 120, ta Japan 100. Kayan da aka ƙera don waɗancan ƙasashe, idan aka jona su kai tsaye, nan take fis yake tashi ko taransifomar ta ƙone. Wasu suna da ɗan maɓallin zaɓen wuta a baya, wasu kuwa sai da taransifoma mai rage wuta. Bayan haka mai gyara zai ɗora mita a inda ake ɗaura wayar lasifika, ba tare da kiɗa ba. Abin da ya kamata ya gani bai wuce 'yan milivolt ba, galibi ƙasa da 50. In ya ga volt guda ko fiye, akwai matsala, kuma irin wannan wuta tana gasa zaren lasifika a hankali ba tare da mai gida ya ji komai ba. Sannan ya duba dalmar da ta tsage a ƙafafun manyan kaya, da gyaran da wani ya taɓa yi a baya, domin kayan da suka ratsa hannu uku ko huɗu ba sa rasa tarihi.

"Tsohuwar amfilifaya sai an canja mata kafasita gaba ɗaya"

A nan akwai gaskiya, shi ya sa maganar ta yi ƙarfi. Kafasita mai ruwa a ciki, waɗannan masu kama da ƙaramin gwangwani, su ne suka fi komai tsufa a amfilifaya. Ruwan yana bushewa sannu a hankali, kuma zafi ne ke gaggauta bushewar. A jikin kowace akwai rubutun 85°C ko 105°C. Ƙa'idar da masu ƙera su ke aiki da ita ita ce, duk saukar zafi da digiri 10 tana ninka tsawon ranta. Mu ɗauki wadda aka yi wa alkawarin awa 2,000 a digiri 85. A digiri 45 za ta kai kimanin awa 32,000, wato kusan shekara 22 ga mai sauraren awa huɗu kullum. A digiri 55 lissafin ya koma rabi.

Wannan lissafi ya shafe mu fiye da Baturen da ya fara mallakar kayan. A Sakkwato ko Maiduguri zafin Afrilu yana haura digiri 40 tun kafin a kunna komai. Idan kuma aka cusa amfilifaya cikin kabad mai gilashi, aka ɗora mata dikoda a ka, aka lulluɓe ta da ƙyalle don ado, an toshe ramukan da take numfashi da su. Sarari da iska sun fi yi mata amfani a kan yawan zuwa shagon gyara.

Amma tsufa ba ya nufin duka sun mutu. Wadda ta lalace tana da alamu: kanta ya kumbura, ko ta yi yoyo, ko a ji gurnani mai kauri a lasifika ko da an rage sauti, ko ƙarfin gangar kiɗa ya ragu. Akwai kuma mitar da ke auna lafiyarta. A kula, gam mai ruwan ƙasa da kamfanoni ke liƙe manyan kafasita da shi sau da yawa ana ɗaukarsa yoyo ne. Canja duka ba tare da awo ba yakan kai ga cire kafasitar Japan mai sauran ƙarfi a saka jabu, kuma jabun kayan gyara ba baƙo ba ne a kasuwanninmu.

Abubuwa biyu suka yaɗa wannan ra'ayi. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 an yi annobar kafasita marasa inganci da suka riƙa kumbura a kwamfutoci da sauran kayan wuta, sai tsoron ya shafi har kayan da suka girme su nesa ba kusa ba. Na biyu kuma bidiyoyin masu sha'awar tsofaffin kayan sauti a Turai da Amurka, waɗanda ke sabunta komai don nishaɗi, da kayan gyara na asali a hannunsu. Mai kallo a nan sai ya ɗauka wajibi ne.

"Ajiye ta ba a kunnawa yana kare ta"

Dogon zama shi ma yana cutarwa. Kafasitar da ta yi shekaru ba wuta tana rauni daga ciki, makunnai suna tsatsa da danshin damina, kyankyasai da tsaka kuma suna samun masauki. Wadda ta daɗe a ajiye kada a jona ta kai tsaye. Ƙwararrun masu gyara sukan bi da wutar ta cikin kwan fitila mai zare tukuna: in akwai matsala, kwan zai haska sosai ya tare wutar kafin wani abu ya ƙone.

"In maɓallin sauti yana ƙarƙar, ta kusa mutuwa"

Galibi ƙura ce kawai, musamman bayan hunturu. Akwai feshi na musamman don wanke maɓallan kayan wuta, kuma aikin ɗan lokaci ne. Fetur ko baƙin mai kuwa suna iya cinye robar ko su tara wata ƙurar. Wanda zai buɗe da kansa don hure ƙura ya sani cewa manyan kafasita suna riƙe wuta bayan an zare soket, kuma suna iya jan mutum.

"Rashin sabis ne ke ƙona amfilifaya"

Da wannan ake yawan rufe zance bayan an yi asara, domin ya fi sauƙin faɗa. Amma abubuwan da ke ƙona ta a gidajenmu sanannu ne: wutar da aka dawo da ita da ƙarfi, janareton da ke hawa da sauka, tsawar damina, da wayoyin lasifika biyu da suka taɓa juna. Sai kuma ɗora mata kaya. Lasifika biyu masu om 8 da aka ɗaure wuri guda sun zama om 4, huɗu kuma sun zama om 2, alhali yawancin amfilifayar gida an rubuta a bayanta kada a sauka ƙasa da 4, wasu ma 6 ko 8. Ranar biki aka jera mata lasifika aka ƙure sauti, tiransistocin ne za su biya. Sabis na shekara ba ya hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sitabilaiza mai kyau da zare soket in an ɗauke wuta sun fi rage waɗanda suka shafi wuta.

Idan fis ya ƙone, a nemi dalili, sannan a mayar da mai lamba ɗaya da wanda aka cire. Ɗaura masa zaren waya ko takardar sigari yana sa ta sake kamawa, amma karo na gaba wutar za ta wuce kai tsaye zuwa taransifoma, wadda sau da yawa kuɗin naɗa ta ko samo irinta ya kusa kuɗin amfilifayar kanta.