Tsohuwar gitar lantarki ba tarkace ba ce

Kowa ya san gurmi da goge da garaya. Wanda ya taɓa zuwa hawan salla a Birni ya ji kakaki da algaita a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. To, akwai wata abar kiɗa da ta zo daga waje, ta zauna har ta zama ƴar gida. Ita ce gita mai aiki da lantarki.

A ƙasar Amurka aka ƙago ta. An fara sayar da ita a 1932. A 1950 wani mai gyaran rediyo da ake kira Leo Fender ya fito da mai gangar jiki ta katako tsantsa, ba rami a ciki. A 1952 kamfanin Gibson ya fito da tasa. Daga baya masana'antun Japan suka yi ta ƙera irinsu masu araha.

A nan Nijar samari sun rungume ta sosai. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa karo na farko, a garin Damagaram. A 1987 aka kafa gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu. Ƙungiyoyin makaɗa na zamani sun yi tashe, kuma mutanen Damagaram ba su manta da Super Haske ta Sani Abusa ba. Yau gitocin wancan zamani sun tsufa. Wata tana ƙarƙashin gado. Wata tana jingine a zaure, ƙura ta rufe ta. Masu sayen tsohon ƙarfe suna yawo unguwa-unguwa. Idan ta faɗa hannunsu, sai su ɓalle ƙarafan, katakon kuma ya tafi murhu. Wannan asara ce, domin mafi yawan cututtukan gita suna da magani, kuma maganin yana nan kusa, wurin kafinta da mai gyaran rediyo.

Yaya take yin ƙara?

Gurmi yana da ƙwarya da fata, su ne suke ƙara masa murya. Gitar lantarki ba ta da su. Idan aka kaɗa ta haka kawai, da ƙyar na kusa zai ji. Sirrinta yana ƙarƙashin tsarkiya. Akwai ɗan akwati mai maganaɗisu, wato ƙarfen nan mai jawo allura. An naɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, naɗi dubu bakwai ko takwas. Idan tsarkiyar ƙarfe ta girgiza a bisa maganaɗisun, sai ƴar wuta kaɗan ta taso cikin wayar. Wutar ta bi igiya ta shiga akwatin ƙara murya, wanda makaɗa suke kira ampili. Shi ne yake fito da kiɗan da ƙarfi.

Saboda haka tilas tsarkiyar ta zama ta ƙarfe. Izgar doki da ake sa wa goge ba ta yi. Zaren kamun kifi ma ba ya yi. Maganaɗisu bai san da su ba.

Ciwon wuya

Mai gyara na gari ba ya farawa da guduma. Yakan kwance tsarkiya shida, ya kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma. Yakan zuba ƙusoshi a ƙoƙo don kada su ɓace cikin rairayi. Wanda ya koyi rubutu ya ɗauki takarda, ya zana inda kowace waya ta fito da inda ta shiga. Ranar mayarwa zai gode wa takardar nan.

Sa'an nan a duba wuya. Nan ne babban aiki. Tsarkiya shida suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 40 zuwa 50, dare da rana, shekara da shekaru. Ku tuna da nauyin buhun siminti. Ga kuma yanayin ƙasarmu. Da hunturu katako yana bushewa ya tsuke. Da damana ya sha laima ya kumbura. A hankali wuya ya lanƙwashe kamar baka, tsarkiya ta yi nisa da yatsu, kiɗa ya gagara.

Masu ƙera ta sun san da haka. Sun sa sandar ƙarfe a cikin wuyan, mai ƙusa a ƙarshe. Idan aka juya ƙusar, wuyan yana miƙewa. Amma a yi sannu. A juya rubu'in zagaye kawai, a bar ta ta kwana, a sake dubawa da safe. Mai gaggawa yakan matsa da ƙarfi har sandar ta karye a ciki, kuma wannan karaya ta fi ciwon farko muni nesa ba kusa ba. Idan ƙusar ta cije saboda tsatsa, a ɗiga mata ɗigon man keken ɗinki, a yi haƙuri.

Hunturu yana da wani sharri kuma. A kan wuya akwai ƙananan ƙarafa 21 ko 22 da aka jera a gicciye. Katako yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa. Sai bakin ƙarafan ya fito yana yankan hannu. Ana goge su da ƙaramin magagari, ɗaya bayan ɗaya.

Idan katako ya tsage, a sa farin gam na kafinta. Ƙaro ba ya riƙe wannan aiki. A ɗaure wurin tamau da robar cikin tayar keke da aka yanka tsawo-tsawo, a bar shi a inuwa kwana ɗaya cur. Ramin da gara ta ci kuwa, a kwaɓa garin katako da gam a cike.

Wani yakan so ya kankare tsohon fenti ya shafa sabo mai ƙyalli. Ya bar shi. Fentin da hannun makaɗi ya cinye shi ne shaidar shekarunta. Suna da lambar da ke jikinta ma kada a goge su. Da su ake sanin inda aka ƙera ta. A Turai da Amurka tsohuwar Fender ko Gibson mai fentinta na asali ta fi wadda aka sake wa fenti tsada ƙwarai.

Wurin mai gyaran rediyo

Bayan katako sai waya. Sau da yawa gitar da ake cewa ta mutu waya ɗaya ce kawai ta sake a bakin ramin da ake soka igiya. Ɗigon dalma ya ishe ta. Maɓallan ƙara murya kuma ƙura ce take shaƙe su, sai su riƙa ƙarar ƙasa-ƙasa. A wanke su da maganin wanke kayan rediyo, a jujjuya.

Ga yadda ake gane ko maganaɗisu yana da rai. A haɗa gita da ampili, a ƙwanƙwasa kan maganaɗisun da bakin ƙarfe. Idan aka ji "ƙwas", lafiya lau. Idan shiru, mai rediyo ya sa ma'auninsa ya gani ko siririyar wayar ta tsinke. Idan ta tsinke a baki, ana iya haɗawa. Idan a can ciki ne, sai an warware an sake naɗi, kuma wannan aikin mai sanyin hannu ne.

A yi hattara da wuta. Ita gitar wutarta ba ta kashe ko ƙuda. Haɗarin yana cikin ampili mai shan wutar gida, mai ƙarfin 220. Idan ya lalace, wutar tana iya biyo igiya ta hau tsarkiya. Kada a kaɗa da ƙafa tsirara a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kada wanda bai koya ba ya buɗe bayan ampili, ko da an cire shi daga wuta. A ƙauye ƙaramin ampili mai batir ya fi kwanciyar hankali, kuma ana cika batirin da allon hasken rana.

Tsarkiya sabuwa takan yi wuyar samu a karkara. Sai an aika birni. Amma rashinta bai taɓa hana mai niyya ba. Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ne. Gitarsa ta farko shi ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Yau yana kiɗa a manyan biranen Amurka da Turai. Wayar birki tana aiki tunda ƙarfe ce, sai dai tana tsatsa da wuri, tana kuma cin yatsu.

Nijar ta riga ta ga yadda abin kiɗa yake kusa ɓacewa. Biram, mai tsarkiya biyar, na Buduma masunta na Tafkin Cadi ne. An kai lokacin da dattijo ɗaya ya rage mai iya shi, Bukar Tar. A 2002 Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, tsohon malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya tafi wurinsa da taimakon UNESCO ya koya. Dattijon ya ba shi biram ɗinsa. Malam Barka ya kai shi ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018.

Idan an ɗaura tsarkiya, saura gwaji ɗaya. A kaɗa tsarkiya a sake, sa'an nan a danne ta a ƙarfe na 12, wanda yake daidai tsakiyarta. Muryar biyu ta zama ɗaya ce ta fi tsayi, kamar uwa da ɗiya suna waƙa guda. Idan ta saɓa, a matsa ɗan ƙarfen da tsarkiyar take zaune a kai, gaba ko baya, har su daidaita. Bayan kiɗa a share gumi da tsumma. A rataye ta a bango, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da rufin kwano saboda zafi.