"Ai Jini Bai Fita Ba": Gangancin da Ake Yi da Buguwar Kai

Duk mai bin titunan garuruwan Arewa ya san yadda abin yake kasancewa. Babur ya zame a kwana, ko ya yi karo da adaidaita sahu, matuƙi ya faɗi kansa ya daki kwalta. Kafin a ce kwabo jama'a sun yi cincirindo. Wani ya fizgo shi ya zaunar, wani ya kwarara masa ruwan leda a ka, wani ya shafa ƙeyarsa ya duba tafin hannu. Da an ga babu ja, sai hukunci ya fito daga bakin wanda bai san komai a kan aikin likita ba: "Alhamdu lillahi, ai jini bai fita ba." Shi kuwa wanda ya faɗin, kunya ta fi ciwo damunsa. Sai ya miƙe ya karkaɗe riga, ya duba ko fitilar babur ta fashe, ya biya kemis ya sayi maganin ciwon kai da gwangwanin madara, ya tafi gida ya kwanta.

Da yawa suna tashi lafiya. Wasu kuwa da asuba ake zuwa tashinsu a tarar sai munshari mai nauyi, ko an girgiza su ba sa amsawa. A wajen zaman makoki sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara, amma mutumin da ya kwana jini na taruwa a cikin kansa alhali asibiti na nan a garin, akwai sakacin mutane a cikin mutuwarsa.

Abin da ke cikin ƙoƙon kai ba shi da ƙwarin da ake zato. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo 1 da rabi ba, laushinta kuma kamar awarar da ba a soya ba. Tantani hawa 3 ne ya lulluɓe ta, da ɗan ruwa da take shawagi a ciki. A cikinta akwai ƙwayoyin aika saƙo da ake kira niyuron, kimanin biliyan 86 a lissafin da masaniya 'yar ƙasar Brazil Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka fitar a 2009. Kowace ƙwaya tana da jiki, da gajerun rassa masu karɓar saƙo, da dogon zare guda mai kai shi gaba. Da lantarki saƙon ke bin zaren, idan ya isa mahaɗa sai wani sinadari ya tsallakar da shi zuwa ƙwaya ta gaba. Wannan aiki na da cin abinci: ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma ita ke lashe kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Idan jini ya yanke mata na 'yan mintuna, ƙwayoyin za su fara mutuwa, kuma akasarinsu ba sa sake tsirowa. Ƙashi yana karyewa a ɗora ya haɗe, fata ta yage ta warke. Ƙwaƙwalwa ba ta da mai ɗori.

Ta rabu ɓari biyu, na hagu ke tafiyar da jikin dama, na dama ke tafiyar da na hagu. Saman kowane ɓari, inda ya yi tamoji-tamoji, ya kasu manyan sassa 4. Sashen goshi shi ke riƙe da shawara, da tsara abin da za a yi, da kame kai, da ba gaɓoɓi umarnin motsi. Na saman kai shi ke karɓar labarin taɓi da zafi da sanyi, ya kuma sanar da mutum inda hannunsa yake ko idonsa a rufe. Na gefe, daidai kunnuwa, na ji ne da fahimtar magana da ajiye abin da ya faru. Na ƙeya kuwa gani ne aikinsa, shi ya sa wanda aka maka wa abu a ƙeya yake ganin walƙiya, har wani ya makance alhali idanunsa garau. A ƙarƙashin ƙeyar akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai hana tangaɗi, sai kuma gindin ƙwaƙwalwa da ke haɗe da laka, wanda ke kula da numfashi da bugun zuciya.

Daga masu rauni aka gano yawancin wannan. Ranar 13 ga Satumba 1848, a garin Cavendish na jihar Vermont a Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana danna albarushi a ramin dutse sai albarushin ya tashi. Sandan ƙarfen da ke hannunsa, mai tsawon fiye da mita 1, ya shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ya fita ta saman kai. Bai mutu ba, har ma ya yi magana ba da jimawa ba, ya kuma rayu zuwa 1860. Amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai zage-zage, marar haƙuri, wanda ba ya tsayawa a kan shawara guda. Sashen goshinsa ne ya lalace. A 1861 kuma likita Paul Broca na Faransa ya duba wani majinyaci a Paris da ya shekara kusan 20 ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Da ya rasu aka buɗe kansa, aka tarar da rauni a sashen goshi na ɓarin hagu. Bajamushe Carl Wernicke ya gano kishiyar hakan a 1874: rauni a sashen gefe da ke sa mutum ya riƙa zuba zance marar kan gado, shi kuma bai fahimtar na wasu.

Ya kamata iyalai su riƙe wannan da kyau. Magidancin da ya yi hatsari wata 2 da suka wuce, yanzu ya zama mafaɗaci, ko yana manta sunan 'ya'yansa, ko harshensa na sarƙewa, sau da yawa ana yanke masa hukuncin shafar aljanu ko jifa. A yi ta hayaƙi da turare, wani ma a ɗaure shi da mari, babu wanda ya tuna da ranar da kansa ya daki kwalta. Ko a ƙeya aka bugu, ƙwaƙwalwa kan yi tsalle ta daki ƙashin goshi ta ciki, saboda haka inda kumburi ya fito a waje ba lallai ne nan ɓarnar take ba.

Mafi saurin kisa dai shi ne jinin da ba a gani. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashi ba shi da kauri, kuma wata jijiyar jini ta bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai riƙa taruwa tsakanin ƙoƙon kai da tantanin farko. Ƙoƙon kan baligi ba ya buɗewa, don haka duk jinin da ya taru ƙwaƙwalwa yake matsewa, sannu a hankali har matsin ya isa gindinta numfashi ya tsaya. Kafin a kai nan, mutum na iya yin sa'a 1 ko sa'o'i yana hira da dariya. Wannan ɗan lokacin ne ke yaudarar jama'a, shi ne kuma lokacin da likitan tiyata zai iya buɗe kai ya kwashe jinin mutum ya tashi sarai.

Ko masu kuɗi da ilimi abin ya ci su. A watan Maris 2009, 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi tana koyon wasan zamiya a kan ƙanƙara a Mont Tremblant na ƙasar Kanada, ba ta sanye da hular kariya. Ta tashi tana magana, ta ce ba ta bukatar likita. Daga baya ciwon kai ya taso mata, bayan kwana 2 ta rasu a New York tana da shekara 45. Irin wannan tarin jinin ne ya kashe ta.

Saboda haka duk wanda ya bugu a ka ya suma, ko na daƙiƙa kaɗan ne, asibiti za a nufa da shi, ko ya rantse lafiyarsa ƙalau. Haka wanda bai tuna yadda hatsarin ya faru ba, ko yake maimaita tambaya guda. Wanda bai suma ba kuma, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a ɗaki a rufe. Wani ya zauna kusa da shi na sa'o'i 24, yana duba shi cikin dare ya tabbatar yana tashi yana gane mutane. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ya wuce ƙa'ida, rikicewar magana, sanyin hannu ko ƙafa ta ɓari guda, jijjiga, jini ko ruwa garai-garai daga kunne ko hanci, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa: ko guda aka gani, ba a jiran gari ya waye. A nemi asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton cikin kai. Asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

A wurin hatsari kuma jama'a su rage rawar kai. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa ko madara, don huhu za su tafi. Ba a ciccibar sa kai na reto, domin mai rauni a ka yana iya samun karaya a wuya, juyi ɗaya ya shanye masa jiki har abada. A tallafe kai da wuya su zauna a miƙe, a kira jami'an kiyaye haɗurra ta lamba 122. Masu kemis su ma su ji tsoron Allah: asfirin da dangoginsa irin su ibufurofen da diklofenak suna iya ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai ya dace kafin likita ya duba.

Duk wannan wahalar hular kwano na rage ta. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara a 2008 ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta saka ta a ranar 1 ga Janairu 2009, sai aka ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su kauce wa kamu, fasinjoji kuma suna ƙin ta wai za a yi musu asiri ko su kwashi ƙyasbi. Har yau ba a rasa hujja: zafi, tsada, wai nan da kasuwa ne kawai. Ga magidanci ya ɗora yaro a kan tanki, biyu a baya, uwa a ƙarshe, babu mai ko ƙyalle a ka. Ga samari a ranar ɗaurin aure suna ɗaga tayar gaba.

Hular ma sai ta gaske. Ta magina ba a yi ta don faɗuwa daga babur ba, wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa tana tashi kafin kai ya isa ƙasa. Soson da ke cikinta shi ke shanye bugu, kuma da ya matse sau ɗaya ya gama aiki, don haka wadda ta taɓa shan ƙasa da ƙarfi a sauya ta ko ba ta tsage ba. Ban da hatsarin babur, tsofaffi ma a sa musu ido na musamman: dattijon da ya zame a makewayi yana iya tara jini a hankali, sai bayan makonni ya fara rikicewa ko jan ƙafa. Kafin a ce tsufa ne, a faɗa wa likita cewa ya taɓa faɗuwa, da kuma ranar da abin ya faru.