Shin Katin NHIS Ya Mutu? Tankaɗe da Rairayar Maganganun Zango

Maganar da ta fi yawo a unguwannin Nima da Mamobi na Akara, har zuwa layin masu doya na Agbogbloshie, ita ce wai katin inshorar lafiya na NHIS ya zama kwali: ka je asibiti da shi a ba ka farasitamol, sauran ka zaro daga aljihu. Saƙonnin murya na WhatsApp sun ƙara mata gishiri tun da Amurka ta tsuke bakin jakarta a farkon 2025. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, kuma wanda ya haɗiye ta duka shi ke kwana ciki.

Ga inda masu ƙorafi suka yi gaskiya. Uwa ta kai yaro asibiti da zazzaɓi, ta nuna kati, likita ya duba shi ba a karɓi ko sisi ba. A tagar magani sai a dawo mata da takardar: biyu an yi musu alama an zuba mata a leda, na ukun an zagaye shi da biro, "babu, je ki saya a kemis". Ko a ɗakin gwajin jini a ce ta cika wani abu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Asibiti bashi yake yi wa hukumar inshorar, NHIA, aiki, ya tura lissafi, ta biya daga baya a kan farashin da ita ta yanke. An yi shekaru biyan yana makara da watanni, kuma da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba 2022, kuɗin magani a kasuwa ya yi wa na hukuma fintinkau. Asibitoci sai suka riƙa ɗora ratar a wuyan majinyaci. Ita kuwa hukumar ta sha nanata cewa wannan cikon ya saɓa ƙa'ida a kan duk magani ko aikin da ke cikin jerin da inshora ta ɗauka. Saboda haka "ana karɓar kuɗi" gaskiya ne. "Doka ce ta ce a karɓa" ƙarya ne.

Batun cewa Turawa ne ke biyan katin, tunda sun janye ya mutu, wannan ba shi da tushe. Tun da aka kafa shirin da dokar 2003 a zamanin Shugaba Kufuor, don a rabu da tsarin nan na biya-kafin-a-taɓa-ka, akasarin kuɗinsa daga cikin Gana yake fitowa: harajin kashi biyu da rabi a kan kaya da ayyuka, da wani kaso daga gudummawar fanshon ma'aikata ta SSNIT, sai ɗan abin da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa ke biya a shekara. Yarinyar da ke kayaye, wato dako a kasuwa, wadda ba ta taɓa yin rajista ba, in ta sayi kuɗin kira a waya ta riga ta zuba nata a asusun. Abin da dakatar da tallafin Amurka na USAID ya taɓa daban ne: gwamnati ta ce giɓin ya kai dala miliyan 156, kusan rabinsa na lafiya ne, wato yaƙi da maleriya, kula da mata da ƙananan yara, da shirin ƙanjamau. Giɓi ne mai ciwo, amma ba asusun kati ba ne.

In ana neman wanda ya rage wa asusun ƙarfi, a duba gida. Wata dokar 2017 ta sa wa irin waɗannan asusun iyaka, gwamnati na kwashe abin da ya haura ta yi wasu hidimomi da shi. A kasafin 2025 ne Ministan Kuɗi Cassiel Ato Forson ya sanar da cire wannan takunkumi daga harajin lafiya. A ganina wannan ya fi duk wata sanarwa muhimmanci ga mai kati, ko da yake sai an gani a tagar magani kafin a tafa.

Sai kishiyar jita-jitar, wadda ita ma ke jefa mutane rami: wai yanzu komai kyauta ne, har wankin ƙoda da kansa. Hukumar na cewa katin ya ɗauki kusan kashi 95 cikin ɗari na cututtukan da aka fi kai wa asibiti, kamar maleriya, gudawa, hawan jini, ciwon suga, haihuwa har da tiyatarta, da hatsari. Ragowar kashi biyar ɗin kuwa su ne masu cinye gida da fili. A cikin nau'o'in kansa, an daɗe ta nono da ta bakin mahaifa kaɗai katin ya ɗauka, daga baya aka ƙara wasu guda huɗu na yara. Wankin ƙoda ya jima a waje. Kowa ya tuna hayaniyar 2023 da asibitin Korle Bu ya nemi ninka kuɗinsa, sashen ya yi watanni a rufe ga masu zuwa daga gida. A 2024 aka fara ɗaukar nauyinsa a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, a 2025 kuma aka kafa asusun da ake kira MahamaCares domin irin waɗannan manyan cututtuka. Asusun ƙari ne, bai maye gurbin kati ba. Kuma kyauta a takarda ba ta ƙara yawan injuna.

Haka ma gadon asibiti. A 2018 wani dattijo mai shekara 70 ya cika a cikin mota bayan asibitoci bakwai na Akara sun ce ba su da wurin kwantar da shi. Kati ba ya maganin wannan.

Akwai jita-jitar da ta fi damun 'yan uwa da suka zo daga Nijar, Najeriya ko Burkina, irin masu albasa da aka tayar zuwa Adjen Kotoku a 2021 da samarin da ke harkar tsoffin ƙarafa: wai katin na 'yan ƙasa ne zalla. Dokar 2012 da ta maye gurbin ta farko mazaunin Gana ta ambata, ba ɗan ƙasa kaɗai ba. Wahalar tana wajen takardar shaida, ba wajen haƙƙi ba. Saurayin da ya shekara yana shaƙar hayaƙin wayoyin da ake ƙonawa a bakin kogin Odaw, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, bai kamata ya tsaya ga mai tallar magani a faranti ba saboda wani ya ce masa ba a yi da baƙo.

Ƙaryar da ta fi kama iyaye mata ita ce katin kyauta ba ya ƙarewa. Gaskiya ne an yafe wa mai ciki tun 2008, kuma yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi daga 70 ba sa biyan kuɗin inshorar, sai ɗan kuɗin aiki. Amma kati na da wa'adi, ana sabunta shi duk shekara, kuma wanda ya bari ya daɗe a mace yana iya tarar da jiran wata guda kafin ya koma aiki.

Hajiya, Alhaji, ku danna *929# yau ku duba katin kowa a gidan, ku sabunta ta waya tun ana lafiya. In an ce ku cika kuɗi a asibiti, ku tambaya na mene ne, ku karɓi rasit, ku kai shi ofishin NHIA na gundumarku.