3.4 Ɗaukar Hoton Ƙananan Kayan Tarihi a Gaɓar Kilwa

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda ake ɗaukar hoton ƙananan kayan tarihi da ake tsinta a bakin teku. An zaɓi tsibirin Kilwa Kisiwani da ke ƙasar Tanzaniya domin ya zama misali. Wannan gari ya shahara da cinikin zinari, har Ibn Baɗɗuɗa ya ziyarce shi a shekarar 1331. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, sannan daga 2004 zuwa 2014 ya kasance cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗari. Zaizayar teku na daga cikin dalilan hakan.

Wannan zaizaya ita ce ke tono kayan da ke binne ta watsa su a gaɓa. Daga cikinsu akwai tsabar kuɗi na tagulla, da duwatsun ado na gilashi, da tsingaron tukwane, da fasassun tangaran na ƙasar Sin. Da yake ruwa yakan janye ne na 'yan sa'o'i kawai, abin da aka gani da safe yana iya ɓacewa kafin yamma. Saboda haka, sau da yawa hoto shi ne kaɗai shaidar da za ta rage.

Akwai matakai uku da ake bi. Na farko, ana ɗaukar hoton abu a inda yake kwance kafin a taɓa shi, tare da rubuta wurin da ranar. Na biyu, ana ajiye ma'auni mai santimita a gefensa, domin hoto ba ya nuna ainihin girman abu. Na uku, ana neman hasken da ke zuwa daga gefe, kamar na hantsi ko la'asar, domin inuwa ta fito da rubutun da ya siɗe.

Tsabar Kilwa ta nuna muhimmancin wannan kulawa. Rubutun Larabcin da ke jikinta yakan fara da sunan sarki a fuska ɗaya, kamar Ali bin al-Hasan, ya ƙare a ɗaya fuskar. Ke nan wanda ya ɗauki fuska ɗaya, rabin bayani kawai ya samu.

Bisa ga wannan, za a iya cewa hoton da ba shi da ma'auni da bayanin wuri ba zai amfani mai nazari ba, komai kyansa.