FASHIN BAƘI: Yadda launin gashin tsuntsu ke tona ƙasar da ya baro

Duk wanda ya tashi a Kambarawa, ko a wata unguwa ta birnin Katsina, ya san shirwa. Tana shawagi a saman kasuwa da mahauta, yara na yi mata ihu idan ta kawo wa 'yan tsaki sura. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, shirwar da ake gani a yankin Sahel iri biyu ce. Akwai 'yar gida, wadda ke biyo damina daga kudu, baligarta tana da baki ruwan ɗorawa gaba ɗaya. Akwai kuma baƙuwa, wadda ke tsallako Sahara daga Turai idan sanyi ya kama can, ita bakinta baƙi ne, gindinsa kaɗai ke da ruwan ɗorawa. Daga nesa kamar tagwaye suke. Sai an kalli bakin ake sanin wace ce ta yi tafiyar dubban kilomita.

Masana tsuntsaye sun mayar da irin wannan lura ilimi mai zaman kansa, kuma da wuya a sami dangin tsuntsayen da ya ba su wahala kamar wanda Turawan Ingila ke kira gull, Larabawa kuma su ce nauras. Tsuntsu ne na bakin teku da manyan tabkuna, fari a ciki, mai duhu a baya, da yatsu haɗaɗɗu irin na agwagwa. Za mu ari sunan Larabcin a wannan bayani.

Nauras nawa ke zuwa Najeriya?

Uku ne mai kallon ruwa a Arewa zai fi sa ran gani. Na farko shi ne mai kai ruwan toka, ɗan Afirka, wanda ke zaune a Tafkin Cadi da manyan koguna da gaɓar teku. Bakinsa da ƙafafunsa ja ne, idon baligi fari-fari, ƙarƙashin fiffikensa kuma da duhu. Na biyu shi ne wanda ake ce wa mai baƙin kai, baƙo daga Turai da Asiya. Sunan na iya ruɗar mutum, domin lokacin da yake iso mana, tsakanin kaka da hunturu, kansa fari ne, sai ɗigon baƙi ɗaya a bayan ido. Hular da ta ba shi sunan, wadda ma ruwan ƙasa ce mai duhu, sai dab da komawarsa gida take fitowa.

Na uku shi ne babban cikinsu, mai baƙin baya, wanda masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa suna Larus fuscus a 1758. Tsawonsa ya ɗara rabin mita, faɗin fukafukansa kuma na kusantar mita ɗaya da rabi. Baligi yana da ƙafafu ruwan ɗorawa, da baki ruwan ɗorawa mai jan ɗigo a ƙasa. A kansa ne gardamar take.

Jinsi ɗaya, rassa da yawa

Bakatsine da Basakkwace da Bakano duk Hausawa ne, amma da sun buɗe baki mai sauraro zai gane inda kowa ya fito. Haka mai baƙin baya yake. Jinsi ɗaya ne, sai dai kowane yanki na arewacin duniya ya ba nasa tsuntsayen kama ta daban, kuma karin harshen nasu a gashin baya yake.

Reshen yamma, mai suna graellsii, yana ƙyanƙyasa a Birtaniya da Ayislan da Faransa da maƙwabtansu. Bayansa launin toka ne mai duhu, ta yadda baƙin da ke bakin fiffikensa ya fita daban ƙarara. Reshen tsakiya, intermedius, na Danmak ne da kudancin Nowe da kudu maso yammacin Suwidin. Bayansa ya fi na farkon duhu, kamar gawayi, amma idan aka ƙura ido za a ga bakin fiffiken ya ɗan fi baƙi. Reshen Tekun Baltik, fuscus, na Finlan ne da gabashin Suwidin da arewacin Nowe. Shi baƙi ne ƙirin, bayan da bakin fiffiken kusan launi ɗaya, siriri ne kuma, da dogayen fukafukai. Can gabas, a arewacin Rasha, akwai heuglini, wanda aka sa wa sunan Theodor von Heuglin, Bajamushen da ya yi yawon bincike a arewa maso gabashin Afirka a ƙarni na 19. Launinsa ya koma toka kamar na yamma, sai dai ya fi girma da tsawon ƙafa.

Da yake ido na yaudara, masana sun ari wani ma'auni daga masu ɗaukar hoto: katin Kodak, mai matakan toka daga fari fat zuwa baƙi ƙirin a lamba 19. A kan wannan ma'auni, graellsii na faɗawa wajen 8 zuwa 10, intermedius wajen 11 zuwa 13, fuscus kuma daga 13 zuwa 17. Lamba 13 ta shiga gida biyu, kuma nan ne rikicin yake farawa.

Kowane reshe da hanyarsa. Na yamma da na tsakiya suna bin gaɓar Atilantika, ta Sifaniya da Maroko da Muritaniya da Sanagal, wasu har su kai gaɓar Najeriya. Na Baltik kuwa yana yankar kudu maso gabas, ta gabashin Bahar Rum da Bahar Maliya da kwarin Nilu, zuwa manyan tabkunan Gabashin Afirka irin su Biktoriya. Arewacin Najeriya na zaune ne tsakanin hanyoyin biyu. Saboda haka, mai baƙin bayan da ya sauka a Tafkin Cadi ko dausayin Haɗejiya da Nguru na iya kasancewa daga kowane ɓangare, gashinsa ne kawai zai ba da shaida.

Abin da ake dubawa bayan launi

Launi kaɗai bai isa hujja ba. Rana tsaka tana kashe duhun gashi, hazon hunturu na sauya shi, tsohon gashin da ya sha rana kuma yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa. Don haka ake haɗawa da wasu alamomi.

Mafi muhimmanci ita ce lokacin sauya gashi. Nauras na da manyan gasu goma a gefen waje na kowane fiffike, kuma yana zubar da su ɗaya bayan ɗaya, daga ciki zuwa waje, sau ɗaya a shekara. Reshen yamma, wanda tafiyarsa ba ta da nisa sosai, yana fara wannan aiki tun yana kan ƙwai, ya kammala wajen ƙarshen shekara. Na Baltik, mai doguwar tafiya, yana jinkirtawa har sai ya isa Afirka, domin ba a tsallake hamada da fiffike mai giɓi. Idan aka ga tsuntsu a watan Oktoba da tsofaffin gasunsa kusan duka, baƙi ƙirin, siriri, akwai dalilin zaton ɗan Baltik ne.

Sai kai. Da hunturu, kan graellsii na cika da zane-zanen toka kamar an yayyafa masa habɗi, na fuscus kuwa yakan zauna fari kusan tas. Sai kuma farin ɗigon da ke kusa da ƙarshen gashin fiffike na waje: a ɗan Baltik ƙarami ne, galibi a gashi ɗaya tak, a ɗan yamma kuwa ya fi girma, wani lokaci a gasu biyu.

Duk wannan maganar baligi ce. Mai baƙin baya na ɗaukar shekara huɗu kafin ya sa rigar manya. A shekarar farko ɗabbare-ɗabbare ne, ruwan ƙasa, baki baƙi, ƙafa ruwan nama, kuma 'ya'yan rassan na kama da juna matuƙa.

A 1998, mai zanen tsuntsaye ɗan Suwidin, Lars Jonsson, ya wallafa wani dogon bayani a mujallar Birding World kan yadda za a gane ɗan Baltik ta hanyar sauya gashi. Masu kallon tsuntsaye a Turai suka rungume shi. Bayan 'yan shekaru, hotunan tsuntsayen da aka sa wa zoben ƙafa tun suna cikin sheƙa, waɗanda babu shakka kan asalinsu, suka nuna cewa wasu 'yan intermedius na iya kama da fuscus a kusan komai. Tun daga nan masu taka-tsantsan suka koma cewa zoben ƙafa mai lamba ne kaɗai shaidar da ba ta da ja. Kamar dai mutumin kan iyakar Katsina da Maraɗi ne, wanda harshensa ba zai gaya maka fasfon da ke aljihunsa ba.

Rabe-raben ma kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. A 1942, Ernst Mayr ya kafa misali da manyan nauras a matsayin dangin da ya zagaye arewacin duniya kamar zobe, kowane reshe na barbara da maƙwabcinsa, har ƙarshen biyu suka haɗu a Turai sun zama jinsi biyu. Littattafan makaranta suka yi ta maimaita wannan. A 2004, Dorit Liebers da Peter de Knijff da Andreas Helbig suka binciki ƙwayoyin halittar tsuntsayen, suka nuna tarihin ya fi haka sarƙaƙiya, zoben kuma bai rufe yadda aka ɗauka ba. Har yau wasu hukumomin masana na lissafa heuglini a matsayin jinsi mai zaman kansa, wasu kuma reshe.

Me ya shafi Bakatsine?

Abu na farko guba ce. Yayin da reshen yamma ya yawaita a ƙarnin da ya gabata, har yana sheƙa a kan rufin gidaje a biranen Birtaniya, na Baltik raguwa ya yi ƙwarai, kuma Finlan ta sa shi cikin jerin tsuntsayenta da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Binciken da Martti Hario da abokan aikinsa suka yi a gaɓar Finlan ya gano 'yan tsaki na mutuwa da ciwon hanta, jikinsu ɗauke da burbushin maganin ƙwari na DDT fiye da na sauran nauras da ke zaune kusa da su. Ƙasashen yankin sun haramta DDT tun shekarun 1970, don haka zargi ya koma kan ruwan Afirka inda iyayen ke cin kifi da hunturu. Da an haɗe rassan duka a lissafi ɗaya, da yawan na yamma ya rufe mutuwar na gabas, ba wanda zai tambayi abin da ke cikin ruwan. Kifin da tsuntsun ke ci kuwa shi mutane ke ci. A nan gida ma an san masuntan da ke zuba gamalin a ruwa don kashe kifi, alhali sinadarin da ke cikinsa, lindane, dangin DDT ne, kuma an sa shi cikin Yarjejeniyar Stockholm a 2009.

Na biyu murar tsuntsaye ce. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar da H5N1 a kajinta, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, cikin Fabrairun 2006. A 2008 aka gano wani sabon nau'in cutar a jihohin Katsina da Kano, kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shakkar ɗora laifin kan tsuntsaye masu ƙaura, domin lokacin bai dace da zuwansu ba, ta karkata ga cinikin kaji. A farkon 2021 kuwa cutar ta kashe kwasakwasa kusan 750 a gandun Djoudj na Sanagal, a 2023 ta yi wa masu baƙin kai ɓarna a Turai. Duk lokacin da annoba ta ɓarke, hukuma na buƙatar sanin ko daga sama ta zo ko a mota aka shigo da ita, domin matakin da za a ɗauka ya bambanta. Ba za a iya amsa wannan ba sai an san wane tsuntsu ke sauka a ina, daga wace ƙasa, a wane wata.

Na uku ruwan kansa ne. An sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin Ramsar a shekarar 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Amma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da dausayin, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta da makiyaya suna rububin abin da ya rage. Tafkin Cadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai a fari na shekarun 1970 da 1980. Malamfatori, inda masanan Birtaniya suka yi sansanin nazarin ƙaurar tsuntsaye a 1967, ta zama filin daga a rikicin Boko Haram. Inda ba tsaro ba ƙidaya, kuma gwamnatin da ta sa hannu a yarjejeniyar kare dausayi ba ta da abin da za a kama ta da shi idan babu alƙaluma.

Abin da matashi zai iya yi

A kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, aikin da aka fara tun 1967. A Najeriya, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos na jagorantar shirin taswirar tsuntsayen ƙasa, wanda ya raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai na aika abin da suka gani ta waya. Jihar Katsina na da madatsun Ajiwa da Zobe da Jibiya da Sabke da Mairuwa, tana kuma da ɗaliban nazarin halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma.

Wanda ya ci karo da nauras a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, inda tsaro ya ba da hali, ya ɗauki hotonsa ta gefe yana tsaye, da wani yana tashi da fiffike a buɗe, da safe ko da yamma lokacin da rana ba ta da kaifi. Ya rubuta kwanan wata da wuri. Idan akwai zobe a ƙafar, ya yi ƙoƙarin karanta haruffan da launin, domin hukumomin da ke sa zoben a Turai na ajiye tarihin kowane tsuntsu, suna kuma amsa wa wanda ya aika musu. Idan kuwa matacce ya tarar, kada ya taɓa shi da hannu, ya sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa.