Uwargida, Ga Yadda Fenti Zai Zauna A Jikin Robobinki

Wata maƙwabciyata a Ƙofar Marusa, nan cikin birnin Katsina, ta aurar da 'yarta bara. Da ta ga kuɗin kayan jere ya fi ƙarfin aljihu, sai ta sayo robobin ajiya guda 12 da gwangwanin fentin feshi mai ruwan zinariya, ta fesa su a yini ɗaya. Ranar jere kowa ya yaba. Kafin amarya ta cika wata guda, fentin ya soma ɓarewa kamar ɓawon albasa, kuma a gaban dangin miji. Dabarar tata mai kyau ce, gaggawa ce ta ɓata ta.

Iyayenmu sun yi jeren ƙwarya mai zane, aka zo zamanin tasa da langa da fanteka, yanzu kuwa roba ta cika kasuwa. Amma roba ba ƙwarya ba ce. Ƙwarya tana shan launi, ita kuwa roba santsi gare ta. Ki kifa robarki ki dubi gindinta, sau da yawa za ki ga lamba a cikin wata alama mai kusurwa uku. An fara sa waɗannan lambobi a Amurka a 1988. In kin ga 2 ko 5, to, irin robar da fenti ya fi ƙin kamawa ke nan, kuma da ita ake yin yawancin bokiti da baho da robobin ajiya. Saboda haka aikin duk yana wurin shiri.

Da farko ki wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, ki cire takardar da aka manna mata, har da danƙon da ta bari. Maiƙo ko na hannunki ne yana hana fenti zama. In ta bushe sarai, sai ki nemi takardar yashi irin ta kafintoci, mai laushi, ki goge jikin robar har ƙyallin ya dushe, ki share garin da tsumma. Nan ne mafi yawanmu muke yin ƙyuya, nan ne kuma ake asarar kuɗi. Bayan haka ki fesa firaima, wato fentin ƙasa da ake fara sawa, amma ki ce wa maigida ya tabbata na roba ne. Masu fentin mota sun san shi, domin da shi suke fara fesa bambar mota.

Wajen feshin, ki girgiza gwangwanin kamar minti 2, ki riƙe shi nesa da robar kamar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, wato santimita 20 zuwa 30. Kada hannunki ya tsaya wuri ɗaya, in ya tsaya fentin zai zubo kamar hawaye. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ki dakata kamar minti 15 tsakaninsu. (Af, mace ce ta kawo shawarar sa fenti a irin wannan gwangwani: a 1949 wani Ba'amurke, Edward Seymour, ya gwada shi bisa shawarar matarsa. Sai ki faɗa wa maigida in ya ce aikin maza ne.)

Ku 'yan makaranta, ga abin da za ku taya Inna da shi. Ku yanke siffar dagi ko ganye a kwali, ko ku shimfiɗa tsohon leshi a jikin robar, a fesa launi na biyu a kai. Da an ɗage sai zanen ya fito tsaf. Ni dai launi biyu sun ishe ni. In suka kai huɗu, ɗaki ya zama rumfar kasuwa.

Ki lura da lokaci. Ranar da hunturu ya taso da ƙura a Disamba ko Janairu, kada ki fesa, ƙurar za ta manne. A zafin Afrilu kuwa ki yi da sassafe, a inuwar tsakar gida, ba cikin ɗaki ba, ki rufe hanci da baki, yara su yi nesa. Gwangwanin yana kama wuta, yana kuma fashewa, kada ya kusanci murhu ko ya yini a rana, ko da ya ƙare.

Abin da ya fi duka: kada fenti ya taɓa cikin robar abinci ko ta ruwan sha, ko bakinta, ko cikin murfinta. Ki rufe su da takarda da salatif kafin ki fara. Wasu fentin, musamman ja da rawaya, akwai dalma a cikinsu, yaro kuwa komai ya samu baki yake kai wa. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Ta wurin haƙar zinariya ta zo musu, amma gubar ɗaya ce.

In kin gama, ki bar robobin kwana 7 kafin ki jera su ko ki ɗora wata kan wata. Ki gwada da farce a gindin ɗaya. In bai kankaro ba, ya zauna. Wajen wanki kuma tsumma mai laushi da ruwan sabulu sun isa, ban da soson ƙarfe.