A Tafi da Ɗan Maƙwabci: Darasi daga Fadamar Bakolori

Masu iya magana sun ce ɗa na kowa ne. Ina da shekara 11 a Talata Mafara na ga ma'anar wannan karin magana da idona. Wani maƙwabcinmu mai noman rani a fadamar Bakolori ya shirya tafiya gona da 'ya'yansa don yankan shinkafa, inda za su kwana uku a bukka. Sai ya leƙo zaurenmu ya ce wa mahaifina: "Malam, a ba ni yaron nan mu tafi tare." Mahaifina tela ne, ba shi da gona, don haka ban taɓa kwana a bayan gari ba.

A wannan tafiya ce dattijon ya tsayar da mu ƙarƙashin gawo, ya tambaye mu dalilin da ya sa yake kore shar da rani, alhali sauran itatuwa sun kaɗe. 'Ya'yansa ba su damu ba, domin sun saba ganinsa. Ni kuwa tambayar ta hana ni barci. Sai bayan shekaru, a jami'a, na karanta cewa gawo na zubar da ganyensa da damina, ya sake fitar da shi da rani, saiwarsa kuma tana nutsawa ƙasa sosai ta cim ma ruwa. Ganyen da ya zuba shi ke zama taki, shi ya sa gero ke kyau a gindinsa. Haƙiƙa daga wannan tambaya na kama hanyar ilmin halittu.

Kada mai karatu ya ɗauka ni kaɗai abin ya faru gare ni. A 1957 wata budurwa 'yar Ingila, Jane Goodall, ta je Kenya saboda ƙawarta ta makaranta ta gayyace ta gonar iyayenta. A can ta haɗu da masani Louis Leakey, wanda ya tura ta dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya ta yau a 1960. Binciken da ta yi kan manyan birai ya sauya fahimtar duniya game da halayyar dabbobi. Gayyatar wani gida ce mafarin duk wannan.

Bugu da ƙari, masana sun bi diddigin lamarin. A 1999 Louise Chawla ta wallafa sakamakon hirar da ta yi da masu kare muhalli a Amurka da Norwe. Da aka tambaye su asalin sha'awarsu, abubuwa biyu suka fi ambata: lokacin da suka ɓata a daji ko bakin ruwa suna yara, da kuma wani babba da ya nuna masu darajar abin da suke gani. A 2006 kuma Nancy Wells da Kristi Lekies na Jami'ar Cornell sun nazarci amsoshin manya kimanin 2,000, suka gano cewa waɗanda suka yi yawon daji, ko kwana a cikinsa, ko kamun kifi kafin su kai shekara 11 sun fi kula da muhalli bayan sun girma. Wato dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, ina matsayin yaron da gidansu babu gona, babu mai kai shi? Maraya, da ɗan ɗinki, da ɗan mai tireda, ba su da wata ƙofa sai ta maƙwabci. Kuma sau da yawa baƙon yaron ya fi ɗan gida amfana, domin komai sabo ne a idonsa.

Ƙasarmu kuwa aji ce babba. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta shayar da gonaki daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura. Akwai balbela da ke bin shanu tana cin ƙwarin da suka tayar, akwai shamuwa mai zuwa gab da damina, ga karfasa da tarwaɗa a cikin ruwa.

Sai dai dole a faɗi gaskiya: zamani ya sauya. A 2021 'yan bindiga sun sace mutane a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, sun kuma kwashe ɗalibai a makarantar sakandare ta Kaya da ke Maradun. Saboda haka ba na ba kowa shawarar kwana da yara a daji. Amma asarar za ta ninka idan tsoro ya sa yara suka tashi ba su san gawo daga marke ba. Lambun bakin gari da rana tsaka, ko harabar makaranta, sun isa a fara. A nemi izinin iyaye, a kuma hana yara shiga ruwan da ba ya gudu, domin a nan katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya take zama.

Ya ku malamai da iyaye, duk ranar da za ku fita da naku, ku leƙa zauren maƙwabci. Dattijon nan ya rasu bai san ya yi wa jami'a malami ba. Allah ya jiƙansa, ya kuma dawo mana da zaman lafiya, amin.